Laifi Na Biyar a Littafin Baba Tebur

Ni kafinta ne. Shekara talatin da biyar ina gyaran daɓen katako na zauren wasannin jami'a, ina ɗaura ragar kwando, kuma duk ƙarshen kakar wasa ni ke hawa tsani in rubuta sakamakon ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza a bango: an ci nawa, an sha kashi nawa. Layi hamsin ne yanzu. Galibinsu ba abin nuna wa baƙo ba ne. A shekarar farko wasa biyu kacal aka ci. Layi ɗaya ne ke da zanen kofi a gefensa, na shekara ta goma sha tara, kuma ni na zana shi.

Ban iya yabon mutum ba. Abin da na ga Baba Tebur ya yi zan faɗa.

Ya riga ni zuwa da shekara uku. Akawu ne a ofishin wasanni, gajere, mai kaurin tabarau, bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba. Ranar wasa yakan zauna a teburin gefen fili da littafin maki, har ɗalibai suka manta sunansa suka laƙaba masa tebur ɗin. Biro biyu yake aiki da su: ja kafin hutun rabin lokaci, shuɗi bayan hutu, don a san lokacin da kome ya faru. Ba ya gauraya su ko da sama za ta faɗo. A gabansa akwai ƙananan alluna biyar masu mariƙi, ni na sassaƙa masa su. In ɗan wasa ya yi laifi, alƙali ya busa, sai ya rubuta, ya ɗaga allon da ke nuna na nawa ne. Huɗu farare ne. Na biyar ja ne, kuma wanda aka ɗaga masa ja ya bar fili ke nan.

Littafinsa ba a musu da shi. Koci bakwai suka zo suka tafi, darakta biyar, shi yana nan. Matarsa takan ce kishiyarta ɗaya a duniya ita ce durowar da yake kulle littattafan nan a ciki. 'Ya'yansa uku ba wanda ya so wasan, sai ta tsakiya, ma'aikaciyar jinya, da ke kawo shi zaure bayan idonsa ya fara rauni.

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi. Duk hoton da aka ɗauka da kofin nan, babu shi a ciki. Ya sa na juya masa teburin yadda zai ba bangon baya. Kuma duk sanda zai ɗaga jan allo, sai hannunsa ya tsaya, ya kalli ƙofar fita ta gabas, wadda ba kowa a bakinta. Wata safiya na same shi shi kaɗai a zauren yana kallonta.

"Wa kake jira, Baba?"

"Ba ka ganin kome a can?"

"Ina ganin ƙyauren da ke neman fenti."

"To, madalla," in ji shi.

Bana ƙungiyar ta cika shekara hamsin. Darakta ya ce a sake fentin bango, a gayyato tsofaffin 'yan wasa, a kuma sallami Baba Tebur da karramawa, don likita ya ce idon ya gama aiki. Ina kankare tsohon fenti ya zo ya tsaya ƙarƙashin tsanina.

"Kafinta, sauko. Kada ka zana kofin nan tukuna."

Ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu, ta yi laushi kamar tsumma. An rubuta da fensir: lamba bakwai, na uku.

Lamba bakwai Falwaya ne, dogon da ya ci mana wasan ƙarshe na shekarar kofi. Na tuna ranar sarai. Abin da ban sani ba shi ne wannan: saura daƙiƙa goma a tafi hutu Falwaya ya yi laifi na uku, jan biro ya ƙi rubutu. Shuɗin yana nan a gabansa, amma ba a rubuta rabin farko da shuɗi. Sai ya yagi gefen takarda, ya rubuta da fensir, ya ɗaga allo na uku, ya sa takardar a aljihu da niyyar ya ari jan biro a lokacin hutu.

"Sai raga ta tsinke," in ji shi. "Ka tuna wa ya riƙe maka tsani?"

Na tuna. Ni na kira shi, don shi ne mafi kusa. Haka hutu ya ƙare, ya manta da takardar.

Da aka dawo, Falwaya ya sake laifi. Baba ya duba littafi, ya ga biyu, ya rubuta na uku, ya sake ɗaga allon da ya riga ya ɗaga. Zaure na ihu, ba wanda ya kula sai mutum ɗaya, kocin baƙi. Saura minti uku a tashi aka sake busa wa Falwaya, Baba ya ɗaga huɗu. Kocin ya taho tebur da gudu yana cewa biyar ne, shi ma yana ƙirgawa. Alƙali ya duba littafi, ya ga huɗu da rubutu mai tsabta. Kocin ya daki tebur, aka kore shi daga zaure. A cikin minti ukun nan Falwaya ya zuba maki takwas. Muka ci sittin da huɗu da sittin da uku.

"Da zai fita ta ƙofar can bai zage ni ba," in ji Baba. "Juyowa ya yi ya ɗaga mini hannu, yatsu biyar a buɗe. Ni kuma har raina na ɗauka ƙarya yake. Sai da na je gida matata za ta wanke rigar, ta miƙo mini wannan."

"Me ya hana ka faɗa washegari?"

"Washegari kana kan tsani kana zana kofi."

Jami'arsu ta sallami kocin, aka ce ya zubar musu da mutunci. Ya ƙare yana koyar da motsa jiki a wata sakandare. Baba ya bi labarinsa shekara da shekaru, ya rubuta masa wasiƙa sau huɗu bai aika ba. Da ya ji rasuwarsa ya shiga mota har garinsu, ya tsaya a bakin layin gidan, ya juyo.

"Yana nan a ƙofar, Kafinta. Ba ya tsufa. Kome na daina gani, shi ban daina ba. Ina so laifin nan ya shiga littafi kafin in miƙa mabuɗin durowa."

Na raka shi ofishin darakta. Daraktan bai girmi takardar da yawa ba. Ya saurara yana juya waya a hannu.

"Haba Baba! Kofi ɗaya tilo muke da shi, shi za ka kwance mana ana saura kwana shida taro? Hukumar da ta shirya gasar ma an rushe ta. Wa za mu mayar wa? Gajiya ce ke damunka, je ka huta."

Ya faɗi wasu kalamai masu daɗi game da sadaukarwa. Ban riƙe ko ɗaya ba.

Ranar taro da hantsi tsofaffin 'yan wasa suka cika fili, masu tumbi da masu sanda, ana ta tsiya.

"Kai, wannan cikin ai shi ma ƙwallo ne, a jefa shi kwando!"

"Bari Falwaya ya sunkuyo mu gaisa, wuyana ba ya ɗaguwa yanzu."

Falwaya ya yi furfura, gwiwoyinsa sun lalace, yana tafe yana jan ƙafa. Aka jera 'yan shekarar kofi a tsakiyar fili don hoto, Falwaya riƙe da kofin. Baba na zaune a teburinsa, 'yarsa a gefe. Na ga ya buɗe tsohon littafin. Ya ce mata ta ɗora masa yatsa a layin lamba bakwai. Ya zaro sabon jan biro ya yi rubutu, a hankali, fuskarsa kusan a kan takardar. Sannan ya lalubi alluna, ya wuce huɗu farare, ya ɗaga jan.

"Lamba bakwai," ya ce. Muryar ba ta da ƙarfi, amma daɓen katako yana kai magana. "Laifi biyar."

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Darakta ya fara tahowa. Falwaya bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon allon.

"Baba, sai yau?" in ji shi. "Ni ma na ƙirga a ranar. Na ga ka ɗaga uku sau biyu, na yi shiru na ci gaba da gudu. Na ɗauka kai ka yi mini alfarma."

"Ban yi maka ba. Kuskure na yi."

"To, ni nawa ba kuskure ba ne."

Ya miƙa wa na kusa da shi kofin, ya ja ƙafarsa ya fita daga fili, ya zauna a benci kamar yadda doka ta ce. Aka yi ta kiransa ya dawo a ɗauki hoto, ya ƙi. Haka aka ɗauka babu shi.

Baba ya sauke allon, ya kalli ƙofar gabas. Na matsa kusa.

"Yana nan?"

"Yana nan. Amma ya sauke hannun."

Ya ba 'yarsa mabuɗin ta kai ofis, ta riƙe masa hannu suka fita ta waccan ƙofar, wadda ban taɓa ganin ya bi ba.

Kofin na nan a bango, na zana shi yadda aka umarce ni. Ƙarƙashinsa na kafa ƙusa na rataye jan allon. Darakta ya ce in cire. Na ce masa to, in na sami tsani. Wata huɗu ke nan. Wani lokaci in ina shafa wa daɓe mai ni kaɗai, nakan ɗaga kai in duba ƙofar. Ni ma ina da hannu a ranar, ko da na kiransa ya riƙe tsani ne.