Gwaggo Rabi da Kiyashi

A watan nan Gwaggo Rabi, yayar mahaifina, ta cika shekara tara da rasuwa. A hannunta na tashi a Roni, inda aka san ta da alkaki da nakiya. Da wuya a kai garar amarya a unguwarmu ba daga ɗakinta kayan suka fito ba.

Mai sana'ar zaƙi ba ta da abokin gaba kamar kiyashi. Wata damina aka ba ta aikin garar 'yar liman. Kwana uku muna suya. Ranar da za a zo ɗauka da la'asar, muka buɗe fanteka ɗaya da safe muka tarar ta yi jawur, kiyashi har cikin alkakin. Maƙwabciyarmu Ladidi ta kawo kwalbar fiya-fiya, ta ce a yayyafa a gindin sauran.

"Ladidi, abin da mutane za su ci?" in ji Gwaggo. "Na gode, mayar da kayanki."

Ta ware wanda ya ɓaci, ta sa aka ɗora sabuwar suya. Sannan ta ɗauko kwalbar da hidima ta mantar da ita a makon: man darbejiya da ta tatsa da hannunta, ta jiƙa dakakken kanumfari da busasshen ɓawon lemo a ciki. Ta dangwala tsumma ta shafe ƙafafun tebur da dokin ƙofa. Ina kallo jerin kiyashi ya iso, ya tsaya, ya juya. Garar ta fita a cike.

Yanzu ina Kazaure da iyalina. Shekarun nan wani baƙon kiyashi ya shigo mana, mai dogayen ƙafafu da gudu ba kan gado, har cikin soket. Wasu na cewa a buhunan kaya ya zo. 'Yata Hauwa, mai karatun aikin gona, ta kawo ƙananan kwalabe biyu daga Kano, man kanumfari da na na'a-na'a, tana yi mini bayanin ɗigo nawa ake sawa a ruwa. Na shinshina. Ƙamshin ɗakin Gwaggo sak.

Da tana raye, ina jin za ta jujjuya kwalbar ta tambaya ko turmi muka rasa a gidan. Amma za ta so abin. Ba ta son kisa. Cewa take shi ma kiyashi abincinsa yake nema, a sauya masa hanya kawai. Kuma ba za ta yi mamaki ba in ta ji ƙamshin na gushewa bayan kwana biyu sai an sake shafawa. Ita kowace Juma'a take yi.

Hauwa ba ta riƙe kamannin Gwaggo sosai ba. Da na ba ta wannan labari sai ta ce, "Umma, ke kin iya haɗawa?" Na ce na manta. Jiya muka zauna da turmi, ashe hannuna bai manta ba. Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo.