Ranar da Tsofaffi Suka Cika Gari

Shekaranjiya ina zaune gindin aduwa ina gyaran igiyar guga, sai na ji wasu tsofaffin mata biyu suna faɗa ta kan danga. Akuyar wannan ta shiga ta ci waken waccan. Yara suna ta dariya. Ni kuwa na ajiye igiyar na yi ta saurare har suka gaji, don rabona da jin faɗa mai kyau haka tun ina yaro, ranar da muka gudu muka bar gari.

Garin nan ne dai da nake zaune, a bakin kwarin Tarka, sai dai lokacin bai kai haka ba. Nasara ba su shigo ba tukuna, saura ƴan shekaru. Kowace shekara bayan girbi muna ba wani babban Ba'abzine, shugaban Buzaye, hatsi, shi kuma ya tsare mu daga hari. A shekarar nan ya bi ayarin gishiri da mutanensa, kuma kowa a ƙasarmu ta Damargu ya san ba ya nan. Rumbuna cike suke. Sanyi ya fara shigowa, da safe ana hura kara a tsakar gida.

A ɗakin Kaka nake kwana, uwar babana. Gajeruwa ce, ƙafarta ɗaya ta kumbura, sai da sanda. Maigida take ce mini, kullum tana ƙorafi wai ta auri mijin da ba ya kawo cefane sai ci. Danga ɗaya ta raba ta da uwar maƙerin garinmu, kuma tun kafin a haifi babana ba sa shiri. Ba wanda ya san mafarin abin. Na tambayi babana, ya ce shi ma haka ya tashi ya tarar.

Da hantsi wani Buzu makiyayi, abokin kawuna, ya shigo da gudu. Ko ruwa bai karɓa ba ya ce akwai mahara bayan tudun arewa, sun durƙusar da raƙuma suna hutawa, mutum ɗaya yana kwance a kan tudun yana kallon gari. Su wane ne, daga ina, har yau ban sani ba. Maza suka taru a masallaci. Masu baka ba su da yawa. Akwai babban gari mai kafi ta wajen Gangara, amma in mai kallo ya ga gari ya watse, raƙumi zai cim mana a fili kafin la'asar. Aka yi ta magana ba a tsayar da komai ba.

Sai ga Kaka da sandarta har bakin masallaci, abin da mace ba ta yi. Ta ce mutumin da ke kan tudu ba ya ganin cikin gidaje, hayaƙi yake gani, turmi yake ji. Jama'a su sulale ta kwazazzabon kudu inda itatuwa suka rufe, kaɗan kaɗan, kamar masu zuwa itace. Waɗanda ƙafa ta ƙare musu su zauna su riƙe gari har dare ya yi. Dama ba za su kai Gangara ba, sai dai su ja wa masu ɗaukar su mutuwa.

Babana ya durƙusa gabanta ya ce zai goya ta.

"Bayanka ɗaya ne," in ji ta. "Ka ɗauki irin shuka. In ni ka kai can, damina ta zo me za ka sa a ƙasa?"

Waɗanda suka zauna ba su da yawa: Kaka, uwar maƙeri, tsohon ladan da idonsa ya mutu, da wasu mata masu shekaru. Aka jera musu turame a tsakiyar gari, aka tara kara da kashin shanu a gidaje don hayaƙi. Aka bar zakaru. Aka ɗaure wata jaka aka tafi da ɗanta, don ta wuni tana kuka. Babana ya kawo ƙaiƙayi a zuba a turmi, wai kada a yi asarar hatsi. Kaka ta watsar da shi. Ta ce turmin ƙaiƙayi muryarsa daban, duk wanda mace ta haifa ya san wannan, a kawo dami na gaske. Aka kawo.

Ni na riƙe zanenta na ƙi saki. Ta murɗe mini kunne.

"Maigida, tafiya za ka yi ka bar ni? To je ka. Dama ban taɓa ganin amfanin auren nan ba."

Uwata ta fizge ni.

Na tuna kwazazzabon nan: yashi mai zafi, ƙaya, warin jakuna, buhunan iri a bayan maza. An ɗaure bakin awaki da igiyar kaba. Ba mai magana. A bayanmu turame suna tafiya, ka ce gari ne ake shirin biki. Can sai muryar Kaka ta tashi, tana ce wa uwar maƙeri mai miyar da ko kare ba ya lasa. Uwar maƙeri ta rama da zancen ƙafa, ta haɗa da kakanninmu. Suka ɗauko faɗan shekara da shekaru, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfin da ban san suna da shi ba. Na ga kawuna yana dariya ƙarƙashin kaya, hawaye na bin gemunsa. Da rana ta karkata muka jiyo kiran sallar ladan, siriri daga nesa. Daga nan ba mu ƙara jin komai ba.

Ba wanda ya biyo mu. Mun shiga kafi da mutanenmu da irinmu.

Bayan ƴan kwanaki maza suka koma, mu muka biyo baya. Rumbuna sun zama toka. Uwar maƙeri kaɗai aka tarar da rai, zaune kusa da gawar Kaka. Ta rufe ta da zana, ta ja ƙaya ta kewaye saboda kura, ta ƙi matsawa ko nan da can. Ta ce da asuba maharan suka faɗo. Babbansu ya zagaya gidaje ya ga ba kowa, ya yi dariya, daga baya ya daina dariyar. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na girma ina binta da tambaya: me ya faru, me ya sa aka bar ta aka kashe sauran? Sau ɗaya ta amsa mini.

"Bakinta ya fi nawa, ɗan nan. Kullum ya fi nawa."

Ba a ƙara jin ta yi faɗa da kowa ba har ta rasu.

Abin da nake so in sani ba yadda Kaka ta mutu ba ne. Bayan sun ajiye taɓarya, hannu ya fashe, murya ta dushe, me suka ce wa juna? Sun shirya, ko sun ci gaba? Sun ci hatsin da suka daka? Kuma ta ji tsoro? Wannan ne ya fi cina.

Da damina aka shuka irin nan. Hatsin da muke ci a garin nan har yau jikokinsa ne.

Yanzu ba hari, ba zan yi maka ƙarya ba. Mace tana zuwa kasuwar Tanut ita kaɗai ta dawo da kayanta. Amma gardin kumandan, wato dogarin Nasaran da ke mulkin ƙasar, yana zuwa a kan doki, ya buɗe rumbu ya ce Nasara suna yaƙi a bayan teku, ana son hatsi. Ya koma ya dawo ya ce ana son samari, wasu soja, wasu aikin hanya. Babban ɗana ya tafi, shiru har yau. Saura ƙaramin. In aka hango doki, samari su gangara kwazazzabon kudu, mu masu furfura mu zauna. Ni ake bari a gari yanzu. Ƙafa ta ƙare mini.

Mahara baƙi ne, shi ya sa aka ruɗe su. Wannan gardin ɗan ƙauyen gabas da mu ne, a rijiyarmu ya shayar da awakin ubansa. Da ya zo ranar nan sai da ya sauka ya gaishe ni, ya ce Baba yaya ƙafa, sannan ya tambayi ƙaramin ɗan nawa da sunan da uwarsa kaɗai ke kiransa. Na ce ya tafi cin rani. Ya dubi bakin kwazazzabon, ya dube ni, ya ce ba komai Baba, zan dawo ranar kasuwa.

Gobe ce kasuwa.