Ƙwaryar Goggo Ba Ta Ganin Sabulu

A duk faɗin Dubai, garin da har titi ake yi wa wanka, abu ɗaya na sani wanda bai taɓa haɗuwa da sabulu ba, shi ne ƙwaryar Goggo.

Goggo yayar babanmu ce, unguwarzoma a wani asibiti, kuma shugabar matan da ke taruwa a falonmu na unguwar Abu Hail duk Juma'a bayan la'asar suna rera waƙoƙin dā. Akwai nas, akwai akanta, akwai Anti mai magani, ga wata Anti 'yar Zangon Kumasi da ke aiki a otal. Waƙoƙin niƙa suke yi, da na daka, da na raino, alhali babu wadda ta taɓa taɓarya tun da ta sauka daga jirgi. Dokarsu ba ganga, ba lasifika. Murya ce kawai da tafi.

Tarihin ƙungiyar na haddace shi ba da son raina ba, don Goggo tana biya shi ko ba a tambaya ba. Kakarta ce ta fara tara mata a wani tsakar gida a Zariya, suna niƙa suna waƙa. Daga kakar sai uwarta, daga uwar sai ita. Da aiki ya kawo ta Dubai, ta bar akwatin atamfofi, ta rungumo ƙwarya a cinya har aka sauka. A cikinta ake jiƙon gyaran murya: citta, kanumfari, kanwa, zuma da man shanu. Kowace sai ta kurɓa kafin ta buɗe baki. In an gama, a kife ta a saman firji, shi ke nan.

Ƙwaryar ta yi baƙi ƙirin. Cikinta ya yi wani maiƙo mai kauri da za ka iya rubuta sunanka a kai da farce. Bakinta ya sulɓe a waje ɗaya, inda leɓɓan kakanni suka yi ta suɗa. Warinta kuwa kamar an soya safar ɗan ƙwallo a man shanu. Na taɓa ganin kyankyaso ya leƙa ciki, ya ja da baya, kuma ina kyautata zaton ya bar ƙasar gaba ɗaya.

A 2019, ina shekara goma sha biyar, aikin Anti akanta ya ƙare ta koma gida. Ita ce mai siririyar muryar da ke hawa saman amshi, ga shi an gayyace su bikin suna a unguwar Al Qusais. Ni kuwa gurbin nan na daɗe ina kwaɗayinsa, don waƙoƙin sun zauna mini tun ina firamare. Na rera wa Goggo guda ɗaya a kicin, sai ta ce, "Muryar kakata ce sak. Yalla, maza, Juma'a ki sha ƙwarya."

Na ce, "Goggo, a zuba mini a kofi mana."

"Kofi? Mu masu shayi ne?"

"To a ɗan wanke ta."

Ta dafe ƙirji. "Ke 'yar nan! A wanke muryar kakata ta bi rariya?"

Ranar Juma'a na kai ƙara wajen Anti mai magani, ina ganin ita da ta karanci ƙwayoyin cuta za ta tsaya mini. Ta ce, "Habibti, 'yar lelena, duk ƙwayar cutar da ta shiga ƙwaryar nan ta daɗe da rasuwa." Antin Kumasi ta ƙara da cewa ita ranar da ta fara sha har garinsu ta hango, kuma ga ta nan da ranta.

Na kafe. Goggo ta ce to, a gwada ni haka nan. Suka ɗauki tafi, ta ba da waƙa, suka amsa, aka zo inda zan hau. Na buɗe baki, sai wani ƙara ya fito irin na ƙofar banɗaki. Askirim na sha da rana, kuma esi yana hura mini ƙeya, amma wa zai saurare ni? Duk suka juya suka dubi saman firji.

Goggo ta ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ko ki sha, ko ki riƙe mana jakunkuna ranar suna."

Ranar sunan, a kicin ɗin masu jego, ƙwarya ta zagayo. Ni ce ta ƙarshe, wato kowa ta riga ta bar mini sa hannunta. Ga jan-bakin Antin Kumasi a gefe, ga man shanu ya daskare yana yawo a sama kamar tsibiri. Akwai kuma wani abu baƙi da Goggo ta rantse kanumfari ne. Ni dai na ga ƙafafu. Na dubi jakunkuna a jibge a kan kujera, na toshe hanci, na yi bisimilla, na kurɓa.

Kunnuwana suka yi zafi, hawaye ya zubo.

Sai muka shiga falo. Goggo ta ba da waƙar raino, aka amsa, na hau. Muryar ta fita tas, siririya, ta zauna daidai inda ta Anti akanta take zama. Kakar jaririn, wadda ta zo wankan jego daga Katsina, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, wata ta rangaɗa guɗa har maƙwabci ya buga bango.

Na samu gurbina. Amma da muka fito, ba wadda ta ce na iya waƙa. Ƙwaryar suka yi ta shafawa suna sa mata albarka, aka naɗe ta a sabon zane, ta zauna a kujerar gaba, ni kuma aka cusa ni a baya tare da kuloli, ina gyatsar man shanun zamanin kakar Goggo har Abu Hail.