Wutar da Kakana Bai Gani Ba

Jiya a kasuwar Tarauni na wuce wani kafinta da zartonsa ya ƙona katako. Ƙaurin ya tsayar da ni cik, sai ga kakana a raina.

Tsohon maharbi ne. Da idonsa ya mutu muka ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Kowa na manne da rediyo, shi kuwa damuwarsa ɗaya ce, kada ya tafi ba wanda ya iya fitar da wuta daga itace.

"Amaryata, zo ki gani," in ji shi, don haka yake tsokanata.

Ya naɗa igiyar ɗan baka a jikin tsinken itace, ya kafa tsinken a kan busasshen katako, ya fara ja. Hannunsa na rawa, tsinken ya yi ta zamewa. Ya ajiye bakan ya ce, "Hannun nan ya ƙi ni."

Na karɓa. Ya dafa kafaɗata yana cewa, "Ko kin ga hayaƙi, kada ki tsaya." Tafina ya ɗaye kafin baƙin garin katakon da ya taru a gindin tsinken ya yi ja. Na juye shi cikin audugar rimi na miƙa masa, ya hura a hankali.

"Ta kama, Kaka!"

"Na ji ta a fuskata," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

Bai kai ƙarshen daminar shekarar ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sada mu a Aljanna.