Gwangwanin da Na Ɓoye a Cikin Kwalla

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a wannan zauren namu ba. Masu tambaya ko na daina karatun littafi ne, ban daina ba. Jinya na yi.

Bayan na haifi Hanifa jini ya ɓalle min. Kwana uku fitsari ya ɗauke, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ba ya shiga. Aka tura mu babban asibiti a birni. Likitar da ta duba ni ta ce ƙodata ce ta tsaya, irin wannan takan farfaɗo, amma kafin nan sai an riƙa yi min wankin ƙoda.

Sau biyu a sati muke tasowa daga ƙauyenmu, can bayan Zakirai. Awa huɗu ina kwance, jinina yana fita ta robar da aka sa min a wuya, ya zaga cikin inji ya dawo. Maigidana ya sayar da gyaɗar bana, sannan shanun huɗa. Ruwan sha ma auna min ake yi. Aka hana ni kunun kanwa, ni mai jego. Inna, surukata, ta yi ta mamaki, amma ta bi.

Na rame, wuya kamar mariƙin lema. Na daina duba madubi.

A littattafan da nake karantawa a waya, ko jinya yarinya ta yi sai ta tashi ta murje, miji yana kallonta ya kasa magana. A ƙarshen kowane shafi kuma akwai tallar wani gari mai sa ƙiba da ƙarin jini, wai zogale ne da dabino da busasshiyar ayaba. Na ce ai wannan abinci ne, ba magani ba. Na aika aka sayo min, na ɓoye gwangwanin a cikin kwalla. In maigidana ya tafi gona sai in dama.

Kwana tara ina sha. Ina shanya kayan Hanifa da hantsi ƙafafuna suka mutu, zuciyata ta buga ta tsaya, ta buga ta tsaya.

A asibiti aka ɗebi jinina. Wani sinadari da suke kira fotasiyam ya hau har yana neman tsayar min da zuciya. Maigidana ya yi ta rantsuwa ban ci komai ba sai abin da aka rubuta. Likitar ta dube ni.

"Maman Hanifa, ba faɗa zan yi ba. Me kike sha?"

Na faɗa, kaina a ƙasa. Ta ce abin da ke gina mai lafiya, ƙodarsa ce ke fitar da rararsa. Tawa ba ta aiki, sai ya taru a jini. Nan take aka jona ni da inji.

Da muka sauka daga mota a bakin hanyar gari, sai maigidana ya juyo ya ce:

"Wa ya ce miki ƙiba nake nema? Ki rayu kawai."

Wata biyu bayan haka fitsari ya fara dawowa. Satin jiya aka cire robar. Har yanzu ko tsakar gida na share sai na zauna na huta.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitoci da nas-nas, da Inna da ta riƙe min Hanifa.

'Yan uwa, in ana muku wankin ƙoda, ko ganye ne, ko zuma aka haɗa, ku kai wa likita gwangwanin ya gani kafin ku kai baki. In kuma kun riga kun sha, ku faɗa da wuri. Ni sai da na bari mijina ya rantse a kaina.