Damin Harawar Baffana

Duk Babbar Salla, da an fara babbakar kan rago a ƙofar gida, ƙaurin nan ba nama yake tuna mini ba, baffana yake tuna mini. Kada ka ce na raina shi, tsaya ka ji.

A ƙauyenmu, can gefen Dungas, zamanin da kumandan, Baturen mulki, ke zaune a Magarya, daji ba irin na yau ba ne. Gamba takan yi tsawon da raƙumi zai shige ciki ka wuni kana cigiyarsa. Da an gama girbi, ciyawa ta bushe, mai farautar gafiya ɗaya ko makiyayin da ya gasa gyaɗa bai rufe toka ba ya isa ya tayar da gari. In an hango hayaƙi sai a buga ganga, maza su sari ɗanyen reshen sabara su fita bugun wuta, mata da yara mu bi su da tulunan ruwa, mu tsaya nesa.

Kakanmu yana da wata doka da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Duk wanda wuta ta taɓa, ko gashin ƙafa ta lasa, ba zai sake riƙe reshe ba sai ya koma inda abin ya faru, ya faɗi yadda aka yi a gaban jama'a. Kuma ba a dariya sai ya gama. Wanda ya ƙi, wuta ta gaba yana cikin masu tulu. Ga namiji mai iyali, wannan ya fi ƙunar ciwo.

Baffana, ƙanen babanmu, shi ne gwanin bugun wuta. In ya ɗaga reshe sai ka ce wutar ce ke ba shi haƙuri. Wata shekara wuta ta tashi da hantsi yana gona yana ɗaure harawar wake ta shanunmu. Muna bakin gari da tuluna, sai muka hango wani abu ya taho a guje, sama wuta, ƙasa ƙafafu. Wata tsohuwa ta ce aljani ne. Ni dai na gane wandon, na baffa ne. Babanmu ya tare shi, ya ture damin da ke ci a kansa, ya kayar da shi cikin yashi yana mirgina shi. Rai ya tsira, amma gira da gemu da fatar wuya sun tafi.

Da ya warke aka ce ya zo ya yi bayani. Ya ce babu bayani, ƙaddara ce.

Kakanmu ya ce, "Na yarda ƙaddara ce. Hanyar da ta biyo nake so mu gani."

Baffa ya ƙi. Ba a jima ba wata wuta ta tashi wajen hanyar Mallawa, aka miƙa masa tulu. Kusa da shi na jera, fuskarsa sumul kamar ƙwai, matan gidanmu suna ce masa ya taka a hankali kada ya zubar. Washegari da kansa ya ce a tara mutane.

Muka je gonar, ƙasa baƙa ƙirin, toka na shiga tsakanin yatsu. Ya nuna inda ya tsaya da inda iska ta fito. Sai kakanmu ya nuna masa gefen dama: can wutar ba ta wuce gwiwa ba, bayanta kuma fili ne da ya riga ya ƙone. Tsalle ɗaya, da ya faɗa inda wuta ba ta da sauran abin ci. Me ya sa ya yi tsere da ita cikin busasshiyar ciyawa? Baffa ya ce bai ga gefen ba, dami ya hana shi waiwaye.

"To, me ya hana ka yar da shi?"

Baffa ya ce, "Harawa ce mai kyau, Baba. Ganyenta duk a jiki."

Babu wanda ya yi murmushi, don duk mai saniya a wurin ya san da shi ne da wuya ya yar. Kakanmu ya sa aka ɗauko dami, aka ɗora wa samari da mu yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce mu waiwaya. Na gwada. Wuya ba ya juyawa, sama ta ɓace, ko dutse ya faɗo kan damin ba za ka ji ba, balle tartsatsi. Tun ranar aka ƙara doka: ka ga wuta, ka sauke kaya, ka nemi inda ta riga ta cinye. Sannan tsohon ya sari reshen sabara ya miƙa wa baffa, ya ce yanzu a yi dariya. Muka yi ta har jakunan garin Sassumbrum suka amsa.

Yau gonaki sun cinye dajin, wuta ba ta samun abin ci kamar da, masu sanin halinta kuma sun ƙare. Bara wata ta tashi bayan gari, na ga samari sun nufe ta da rigunan leda da takalman roba. Na bi su ina haki, ina cewa su tuɓe, wannan kayan narkewa yake a jiki. Da yake kowa ya san ni da barkwanci, sai suka tafa, suka ce yau ma tsoho ya zo da sabon labari. Suka wuce suna dariya, suka bar ni tsaye.