Ranar da Na Ba da Likkafanina

Shekarar da na zo Doha yi wa 'yata wankan jego, a gidansu na sama a unguwar Muntaza, aka yi girgizar ƙasa a wata ƙasa mai tsananin sanyi. Na gani a talabijin, benaye sun durƙusa, mutane na tono da hannu. Na yi ta salati, bakina ya ƙi rufuwa.

Bayan kwana uku aka ce ana tara agaji a masallacin unguwa. Ni ban yi karatu ba, sai 'yata ta karanto mini abin da ake nema daga wayarta: barguna, madarar jarirai, kuɗin magani. Sai ta ajiye wayar.

Na ce, "Ƙarasa mana."

Ta ce, "Inna, likkafani. Wai ya ƙare musu."

Jama'a, na ga yunwa, na ga ambaliya, amma ban taɓa jin garin da likkafani ya ƙare ba. Na zauna a ƙasa.

To, ina da nawa. A Makka na saye shi, na wanke shi da zamzam, duk inda za ni yana ƙasan akwatina. Na tashi na ciro shi.

'Yata ta riƙe hannuna. "Inna, ke kuma fa?"

Na ce, "Ni ina da ke, kya saya mini wani. Wata na can kwance, masu saya mata duk suna ƙarƙashin gini."

Ita da kanta ta ninke shi tana hawaye, ta sa shi tsakanin barguna biyu.